Yatsan da Na Kasa Ɗagawa a Queens

Adireshin da Sabitu ya turo mini tun ina Zariya, ashe na shagon aski ne. Na tsaya a bakin ƙofar a Harlem da jakata a hannu, na duba takarda, na duba lambar gini, na sake duba takarda. Masu askin suka ce ba su taɓa jin sunansa ba. Na yi ta kiran wayarsa, tana kashe. Tare muka yi makarantar kwana da mutumin nan, shi ya ce mini in dai na ci cacar biza kada in damu da komai, ɗaki na jirana a New York. Har yau ban sake jin muryarsa ba, kuma har yau in na hango mai irin tafiyarsa sai na ƙara sauri na leƙa fuskarsa.

Wani ɗan Nijar mai teburin hulunan sanyi da tabarau a 125th Street ne ya lura ina ta zagaye wuri guda kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Elhaji Mamman ake ce masa.

"Kai ɗan Najeriya, mi kake biɗa? Tun ɗazu kake kai da kawowa."

Na faɗa masa. Bai nuna mamaki ba ko kaɗan.

"Bon, abin da anka yi muna ne anka yi maka. Aje jakarka nan ƙarƙashin tebur. In an yi la'asar mu tahi masallaci."

Daga ranar na shiga yawon kwana. Na kwana a masallaci a titi na 116, na kwana a bayan shagon teloli 'yan Senegal cikin ƙyallaye, na kwana a wani ɗaki a Bronx inda mu shida muke karɓa-karɓar katifa uku, mai aikin rana ya tashi mai aikin dare ya kwanta tun ɗumin jikin wancan bai huce ba. Da sanyi ya shigo wani ya sayar mini da kwat mai kauri, ya rantse irinta manya suke sawa. Na yi sati biyu ina taƙama da ita kafin wata Bahaushiyar Gana mai sayar da waina ta ja ni gefe ta ce ta mata ce. Ban daina sawa ba, don sanyin garin nan bai san namiji ba.

A duk wannan yawo ban taɓa zazzage jakata ba. In na ciri riga na sa, in na wanke sai ta koma ciki. Ko zama na yi a gidan mutane, a bakin kujera nake ɗosana, ƙafata ɗaya na kaɗawa. Wata huɗu kacal muka yi da aure da Bilki na taho, kuma kullum muka yi waya tambayarta ɗaya ce, a hankali take yinta don kada ta ɗaga mini hankali: "To, ka samu wuri?" Ni kuwa in ce ana nan ana dubawa. Kewarta ta hana ni sukuni, kunyarta ta fi kewar.

Alhaji Fuseini ne ya cire ni daga bakin titi, inda nake taya tsaron teburin hulunan nan. Mutumin Kumasi ne, yana tuƙa motar ɗaukar ma'aikata a filin jirgi, kuma duk Juma'a sai ya tsaya ya ci Elhaji Mamman da tsiya.

"Cale, abokina, wannan table ba zai kawo matarka ba," ya ce da ni. "Ka zo Queens. Akwai warehouse a unguwar Jamaica, loading da offloading. Bayanka zai yi complain, amma za ka samu pay slip na nuna ma immigration."

Shi ya kai ni wurin aikin, shi kuma ya kai ni gidan maƙwabcinsa Winston, wani dattijo mutumin Guyana da ya yi ritaya daga tuƙin bas. Matarsa ta rasu, 'yarsa ta yi aure ta koma wata jiha. Yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, tagarsa daidai da daɓen titi, ba ka ganin komai sai takalman masu wucewa. Winston ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi kwat ɗina, ya danne dariya, ya miƙo mini makulli. Shi ne makullin farko da na riƙe a ƙasar Amurka. Na yi ta juya shi a aljihu har ya kusa huda wandona.

Da ya ji ina da mata a gida, sai ya nuna mini wani sashe a bayan gidan, a sama, mai ɗaki da kicin, inda 'yarsa ta zauna kafin aure. Ya ce, "Ba a sa mace a rami, Aizik. In takardunta sun fito, za mu gani." Sunana Isiyaku, amma bakinsa bai taɓa iya shi ba. Ni kuma Baba nake ce masa, yana ta faɗa wai na tsofar da shi. Wannan "za mu gani" ita na riƙe na cika takardun Bilki, ita na faɗa mata a waya, har ta fara tambayata launin labulen da zai dace.

Wata Asabar na fito na tarar da shi a tsakar gida yana shafa wa wani faffaɗan katako mai, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Na ce, "Baba, kurket kake yi?" Saura kaɗan katakon ya faɗi daga hannunsa. Bai taɓa zaton akwai wanda ya san wasan a inda na fito ba. Na ba shi labarin wani malamin lissafi Ba'indiye da ya koya mana a makarantar kwana. Ni ban iya bugu ba, ban iya jifa ba, sai malamin ya ce tunda ina da kunne kuma ba na son gudu, in zama alƙali. Shekara uku na yi ina tsayawa a rana, ina ƙirga jifa da ƙwallon dabino shida a aljihu.

Ga wanda bai san wasan ba, ba shi da wuyar fahimta. Ana kafa sanduna uku, mai bugu ya tsaya gabansu da katako yana kare su, mai jifa ya auno su da ƙwallo mai tauri. In ya buga ta yi nisa, ya samu maki. In ƙwallo ta bugi sandunan, ko ta bugi ƙafarsa alhali da sandunan za ta nufa, ko ta taɓa katakonsa aka cafe ta kafin ta faɗi ƙasa, ya fita. Abokan hamayya su yi ihu suna tambayar alƙali, shi kuma in ya yarda sai ya ɗaga manuninsa sama a gaban mai bugun. Magana ta ƙare ke nan.

Tun daga lokacin duk Lahadi nake bin Winston wani fili kusa da filin jirgi, inda jirage ke wucewa ƙasa-ƙasa har sai an dakata da magana. A can na tarar da Rafik, shugabanmu a wurin aiki, mutumin Pakistan, wanda muke shimfiɗa kwali mu yi azahar tare a bayan kaya. Ashe shi ne babban mai bugu na ƙungiyar 'yan ƙasarsu, kamar yadda Winston yake na mutanen Karebiyan. Kuma ashe shekara da shekaru ana gardama a filin nan kan wa ya fi wani tsakaninsu.

Na zauna na kalle su da kyau, don abin da na iya ke nan. Winston a miƙe yake tsayawa, ba ya sa hular kwano, sai wata tsohuwar malafa, yana tauna cingam. Ba ƙwallon da yake ƙyalewa. In ya kama ta daidai, ƙarar kaɗai ta isa ka san ta tafi, sai ka ga ta haye bishiyoyi, shi kuwa ko motsi bai yi ba, ya riƙe katakon a sama yana jiran a gama kallonsa. Tsofaffin matansu su tashi suna kaɗa lema. Amma da wuya ya daɗe. Ya yi bugu huɗu ko biyar masu sa tsigar jiki tashi, sai ya kai wa wadda bai kamata ba hannu, ya fita yana dariya.

Rafik ba shi da kyan gani ko kaɗan. Yana duƙawa kamar mai neman allura a ƙasa, ya tare, ya tare, ya ƙyale, ya ɗan tura ƙwallo gefe ya saci maki ɗaya. Mutane su yi ta hamma, wasu su tafi sayen abinci su dawo, yana nan. Sai an duba allo a ga ya tara abin da mutum uku ba su tara ba. Ya san inda kowane mai tsaro yake tsaye, ya san lokacin da hannun mai jifa ya fara gajiya. Ni a raina tun Lahadi ta uku na gama yanke hukunci, amma na bar shi a ciki.

Matsalar ita ce kowannensu ya ɗauke ni shaida. A mota muna dawowa Winston zai ce, "Ka ga abin da yaron nan yake yi? Wannan ai aikin akawu ne, ba kurket ba. Na fi shi nesa ba kusa ba, ko ba haka ba, Aizik?" In ce, "Haka ne, Baba." Ran Litinin muna naɗe kwalin salla Rafik zai ce, "Ɗan'uwa, tsohon nan wasan biki yake yi. Mai bugu na gaske shi ne wanda yake kai ƙungiyarsa gida. Gaskiya ko ƙarya?" In ce, "Haka ne." A gidanmu haka aka koya mini. Babba in ya yi magana, ko wanda kake ci a ƙarƙashinsa, ka ce haka ne, ka sunkuyar da kai, kowa ya san ba hukunci ka yanke ba, ladabi ka yi. Ban san cewa a nan in ka ce haka ne, an rubuta ka ce haka ne ba.

Da ƙarshen bazara ya zo, ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe. Winston ya sanar cewa daga shi ya ajiye katako, gwiwarsa ta gaji. Aka rasa alƙalin da kowa zai yarda da shi, waɗannan ba su yarda da ɗan Asiya ba, waɗancan ba su yarda da ɗan Karebiyan ba. Sai Winston ya ce a ba ɗan Afirkan nan, Rafik ya yi caraf ya ce ya amince. Kowannensu yana murmushi, kowa na ganin nasa ne. A satin ne kuma Bilki ta kira tana kuka da dariya a haɗe, an ba ta ranar ganawa a ofishin jakadanci. Na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya. Na je wurin Alhaji Fuseini, ya saurare ni yana goge gilashin mota.

"Kai ka sa kanka a trouble, cale. Mutanen nan ba su san kara ba. Yes ɗinsu yes ne. Ka je ka yi abin da idonka ya gani, finish."

Faɗa da baki ba wuya.

Ranar wasa na sa farar riga, na zuba ƙwallon dabino shida a aljihu. Su Rafik suka fara bugu. Ya yi abin da ya saba, ya daɗe har rana ta karkata, sannan wata ƙwallo ta same shi a ƙafa, a gaban sanda ta tsakiya. Aka yi ihu, na ɗaga yatsa ba tare da wani tunani ba. Ya harare ni, ya wuce. Wannan bai dame ni ba, sa'ana ne, kuma gaskiya ce.

Da Winston ya shigo, sai ya zama kamar an mayar masa da shekara ashirin. Ban taɓa ganin ya yi wasa irin na ranar ba. Ya yi haƙuri, ya zaɓi ƙwallo, ya aika biyu bayan bishiyoyi. 'Yarsa ta zo takanas daga jiharsu tana ɗaukarsa a waya. Yana da maki arba'in da bakwai, saura uku ya cika hamsin, abin da ya ce rabonsa da shi tun matarsa na da rai. Sai mai jifa ya sako wata ta gefe, Winston ya kai mata hannu. Na ji ƙas, siririyar ƙara kamar an karya tsinken sakace. Mai tsaron baya ya cafe. Mutum goma sha ɗaya suka juyo kaina da ihu.

Na ji ƙarar, Allah ya sani na ji ta. Amma hannuna ya ƙi fita daga aljihu. Abin da na gani a gabana dattijo ne mai furfura, wanda ya ba ni makulli ranar da ba ni da kowa, kuma ana so in miƙe in nuna shi da yatsa a gaban 'yarsa in ce fita. A garinmu yaron da ya nuna babba da yatsa sai ya sha mari. Ba zan ɓoye ba, na kuma tuna sashen nan na sama da labulen Bilki. Na girgiza kai, na ce bai fita ba.

Winston ya tsaya yana kallona. Ya daina tauna cingam. Jirgi ya wuce a kanmu, kowa ya yi shiru har ƙararsa ta lafa, shi bai ɗauke ido daga kaina ba. Sannan ya sa katakonsa a hammata, ya juya, ya fita daga fili da ƙafarsa, ba wanda ya kore shi. Har 'yan Pakistan sai da suka tafa masa. Rafik ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Da ɗaki aka saye ka, ɗan'uwa?"

Muka taho a motar Winston har ƙofar gida. Ya kashe inji, bai buɗe ƙofa ba.

"Ka ji ta?"

"Na ji, Baba."

"To me ya hana ka?"

Na fara yi masa bayanin girma da kunya da yadda ake yi a wurinmu. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Sadaka ka ba ni. A gaban 'yata, a wasana na ƙarshe, ka dube ni ka ga tsoho abin tausayi. Shekara arba'in ina wasan nan, an zage ni, an cuce ni, amma ba a taɓa ba ni sadaka ba sai yau." Sannan ya ce, "Duk lokacin da na ce na fi Rafik ka ce haka ne, shi ma irin wannan ne?"

Na so in ce a'a, bakina har ya buɗe. Sai na ga in na ƙara ko ɗaya, ba zan iya sake haɗa ido da shi ba.

"Irinsa ne, Baba."

"To faɗa mini yanzu. Wa ya fi?"

"In kallo zan biya kuɗi in yi, kai zan kalla, ko sau nawa ne. Amma Rafik ya fi ka. Ya san lokacin da zai ƙyale ƙwallo, kai ba ka taɓa sani ba sai yau."

Ya fita ya rufe ƙofar motar da ƙarfi, ya hau sama.

Kwana shida bai ce mini uffan ba. Ina jin takunsa a saman kaina, in ya tsaya in tsaya da numfashi. Na jawo jakata, wadda a gidan nan ne kawai na taɓa zazzage ta, na mayar da komai ciki. Na fara tambayar Elhaji Mamman ko akwai katifar da ba kowa a Bronx. A wurin aiki na sami Rafik na ce masa na yi kuskure, kuma na faɗa wa tsohon gaskiya. Ya ce, "Wace gaskiya?" Na ce ba zan maimaita ba, kansa ya isa girma haka. Bilki ta kira ta ce ta sayi labule ruwan ƙasa, na ce ya yi kyau, na kashe waya na zauna a kan jaka ina kallon takalman mutane.

Ran Lahadi da safe aka buga ƙofa. Winston ne, da malafarsa da jakar wasa.

"Sa farar rigarka. Wancan wasan ba ya cikin lissafi, ka ɓata shi. Na roƙi yaran su sake fitowa."

Wasan sada zumunci ne, ba kofi, ba 'yarsa, 'yan kallo ba su fi a ƙirga da hannu ba. Al'ada ce 'yan wasa su ba alƙali ajiyar abin da zai dame su a aljihu, agogo ko waya ko hula. Da zai shiga bugu ya miƙo mini tarin makullansa ba tare da ya dube ni ba, na jefa a aljihu tare da ƙwallon dabino.

Ƙwallo ta farko ya tare. Ta biyu ya ƙyale ta wuce, ya ɗan waigo ya dube ni. Ta uku ta shigo da sauri ta ƙasa, gwiwar nan ta ƙi lanƙwasawa, ta same shi a ƙafa, a gaban sanda ta tsakiya, ko makaho ya san inda za ta. Bai ci ko maki ɗaya ba. Aka yi ihu. Ya tsaya cak, bai motsa ba, ya zuba mini ido yana jira.

Hannuna ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Na fito da shi, na ɗaga yatsa sama sosai, na bar shi a can har sai da kowa ya gani.

Winston ya zo wucewa ta gefena yana gunaguni, wai ƙwallon ta yi sama da yawa, wai alƙalan Afirka ba su da ido. Na ciro makullansa na miƙa masa. Ya karɓa, ya tsaya a tsakiyar fili yana fama da zoben da ƙumbarsa, mutum ashirin na jiransa, har ya zare guda ɗaya ya jefa mini a aljihun riga.

"Famfon kicin ɗin sashen sama yana ɗiga, kai za ka gyara," ya ce. "Yaushe za ta sauka?"